Fitila Ba Hula

Odense, 9 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga Yaya Valborg,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Yaya ƙafar taki da wannan sanyi? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san aikin maigidana Ejnar a masana'antar fitilun tebur. In an ƙera hular tagulla an ɗora wa fitila, shi ke zama ya dube ta ta kowane gefe, ya miƙe, ya sunkuya. In ƙwan lantarkin ya leƙo ta ƙarƙashin hular ya soki ido ko kaɗan, sai ya ce a sake. Don tsabar fitinarsa maƙeran "Mayar-da-ita" suke kiransa.

To, tun kaka bai mayar da ko ɗaya ba. Kullum yabo yake, wai hannun maƙeran ya faɗa. Jiya kuwa a wurin mai burodi matar ɗayansu ta raɗa mini cewa wani shago ya dawo da kwali guda, wai hasken na kashe ido.

A gida ma yana zuba gahawa a gefen kofi, ya ce ni na matsar. Jarida kuma wai ƙarya ta yi mata yawa, ya daina karantawa. Da na ambaci likita sai ya ce, "Ke dai akwai neman magana. Idon da ke ciyar da ke za ki kai ƙara?" Na yi dariya, amma wallahi ta yaƙe ce.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Thyra

Odense, 21 ga Nuwamba, 1954

Yaya Valborg,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Asabar ya zo da sabuwar fitila don ya gwada ta a teburinmu. Da ya fita ɗebo gawayi na cire hular, na bar ƙwan tsirara. Ni kaina sai da na kau da fuska. Ya dawo ya zauna, ya ƙura masa ido ko ƙiftawa babu. Ya ce, "Kin ga aiki? Wannan ko jariri aka kwantar kusa da ita ba zai farka ba."

Kafin in ce wani abu ya kai hannu zai shafa hular, ya damƙi ƙwan da zafinsa.

Bai yi ihu ba. Ya daɗe riƙe da yatsunsa, sannan ya ce, "Thyra, tun yaushe kika sani?"

Jibi za mu ga likitan ido. Tsoro nake ji kamar in mutu. Don Allah ki taho, ba zan iya jin abin da za a faɗa ni kaɗai ba. Yau da safe ya roƙe ni in zauna kusa da taga, wai yana so ya kalle ni sosai.

Ki gaida yara.

Taki har kullum,
Thyra