Rasuwar Sufeto Koma-Aji, Wanda Ya Kai Ɗalibai Rumfar Takalma

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai kowa da komai, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Rumfuna da Masu Sana'ar Hannu ta Babbar Kasuwa, a madadin mai girma shugabanta, iyayen ƙungiya, shugabannin layuka da ɗaukacin mambobi maza da mata, ta samu labarin rasuwar Babban Sufeton Halartar Makaranta na wannan yanki, dattijon da kasuwa ta fi sani da Koma-Aji, wanda Allah Ya karɓi ransa bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya ƙarar da ƙarfinsa a hidimar dokar ilimin dole, doka mai kyau wadda wannan ƙungiya ba ta taɓa gajiya da yaba wa masu girman da suka tsara ta ba. Ta faɗi shekarun da yaro zai shiga makaranta, da sa'o'in da za a koyar da shi kowane mako, har tsawon hutun cin abinci ba ta manta ba. Ta ba Sufeto ikon kama duk yaron da ya gani a kasuwa lokacin karatu, ya kuma gurfanar da iyayensa ko ubangidansa. Abu ɗaya kawai masu girman suka bari, wataƙila saboda gajiya: ba su faɗi wanda zai kamo malami ba.

Babu layin da bai ɗanɗana hannun marigayin ba. Ya zaro yara daga ƙarƙashin teburin tela, ya fito da su daga ramin gareji da baƙin mai har gwiwar hannu, ya taɓa tsintar ɗan autan ma'ajinmu a cikin kwalin firij. Mun roƙe shi, mun kai ƙararsa, wasu har yadi da turare suka aika masa, ya dawo da su ta hannun yaran da ya kama. Idan muka ce muna sonsa a lokacin, mun yi wa mamaci ƙarya.

Kasuwa ta sauya masa kallo ne ranar da ya kora yara makaranta ya tarar da aji ba malami, allo wanke tas, ɗalibai suna kokawa a kan benci. Da ya tambaya, aka ce malamin lissafi ya ɗan fita. Marigayin ya san inda ake ɗan fitan, domin malamin mambanmu ne mai katin ƙungiya, da rumfarsa a layin takalma. Sai ya jera ɗaliban biyu-biyu, ya ratso da su ta tsakiyar kasuwa, ya zaunar da su a bakin rumfar har suka toshe hanya, ya miƙa wa malamin alli. Ya ce doka ba ta ba shi ikon kai malami wurin yara ba, amma ta ba shi ikon kai yara wurin malami. Wata baiwar Allah da ke gwada takalmi ta jira da ƙafa ɗaya a ciki har aka gama darasin. Daga ranar, malaman da ke da rumfa a cikinmu, kuma ba kaɗan ba ne, suka koyi barin kwaɗo a ƙofar rumfa har a tashi makaranta. Ba mu ga laifin kowa ba, mu ma mun san abin da albashi yake iya saya. Amma 'ya'yanmu sun fara karanta mana saƙon waya a waccan shekarar.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, Hajiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da abokan aikinsa na ofishin ilimi. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Domin girmama shi, ƙungiya ta zartar cewa babu mamban da zai riƙe yaro a rumfa ko gareji lokacin karatu, ko da babu mai leƙa ƙarƙashin tebur. Ofishin ilimi ya tabbatar mana za a naɗa magajinsa nan ba da jimawa ba, mun kuma san tsawon wannan kalma. Sai dai mun lura, ba tare da kama sunan kowa ba, cewa tun ba a watse zaman makoki ba wata rumfa a layin takalma ta koma buɗewa da sassafe, ga shi jarrabawar fita ta ƙarato.

Yaranmu dai suna aji, kowa a kan bencinsa, kamar yadda doka ta ce. Malamin fa, wa zai kai musu shi?

Sa hannu:
Alhaji Mai-Agogo
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Rumfuna da Masu Sana'ar Hannu ta Babbar Kasuwa