Ba Ni Ce Ta Dambu Ba Bana

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida da yara, ya ƙafarki? Ni a nan Lyon, ƙasar Faransa, lafiya lau.

Maƙwabciyata 'yar Bangladesh ce. Ta ce tana ƙarama ta tambayi babanta ko namiji ma yana iya mulkin ƙasa, don mata ta tashi ta gani a kai. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a rai.

A taronmu na ɗaliban Nijar aka ce, kamar kullum, ni ce ta abincin Sallah. Na miƙe na ce shugabancin ƙungiya nake nema. Zaɓe Lahadi ne, kuma ba na jin tsoron kowa.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Baba, ki ce masa bana maza za su turara dambu.

'Yarki,
Rakiya