Milimita Biyu Zuwa Hagu

Talata, sha huɗu ga wata, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ina zaune a falon Mama, kan kujerar da ke kallon ƙofar ɗakinki. Yau kwana goma sha shida da yi miki aikin hanci, kwana tara da cire filasta, kuma kwana tara ke nan rabona da fuskarki.

Hasken idona, raɓar safiyata, inuwar da nake gudowa gare ta,

Na yi rubutun da manyan baƙaƙe saboda likita ya hana ki ɗora tabarau har sati shida, kuma ba na so ki ba Yaya ta karanta miki. Sai ta shekara tana tsokanata.

Laifina ne. Ranar da aka cire filastar, kin ajiye madubi, kin juyo kin tambaye ni yadda na gan ki. Ni kuwa, da na shekara biyar ina koyon awon ƙasa, sai na karkata kai na ce kan hancin ya ɗan kwanta hagu, kamar milimita biyu. Wane irin mutum ne za a nuna masa farin wata ya ɗauko tef ɗin awo? A gabana idonki ya kawo ruwa, kika ja mayafi.

Yaya ta ce fatar ta yi maiƙo, ƙuraje sun feso inda filasta ta zauna, kwanciyar jinin ƙarƙashin ido ta koma rawaya, kuma in kin taɓa kan hancin sai ki ji kamar na wani. Na karanta takardar da likita ya ba ki sau huɗu. Duk suna ciki. Takardar ta ce kumburi ba ya sauka daidai ta ɓangarorin biyu, kan hanci ne ƙarshen sacewa, wani lokaci har shekara. Tun a ajin farko aka koya mana kada mu kafa alamar iyaka a bakin kogi sai ruwa ya janye. Na ci wannan jarrabawar a takarda, na zo na faɗi a gabanki.

Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a barandar ɗakin karatu? Kowa yana yabon ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ke kika ce tun faɗuwar da kika yi kina ƙarama ba ki sake jinsa sosai ba, da baki kike numfashi. Saboda wannan kika yarda aka taɓa hancinki, tauraruwata, ba don idon kowa ba. Na yi alkawarin ina gefenki ranar da ƙamshin zai dawo. Ta yaya zan cika, katakon ƙofa yana tsakaninmu?

Kada ki matse ƙurajen, ki guji rana, ki ɗaga kai da matashi biyu. In wurin ya yi ja ko zazzaɓi ya zo, a kira likita nan take.

Ga abin da ban sani ba. Ban san yaushe maiƙon zai tafi ba. Ban san ko milimita biyun kumburi ne ko zama suka zo yi ba. Ban san ko iska ta fara wucewa ta kafar hancin hagun ba. Ban san ko za ki buɗe ƙofar nan kafin ƙarfe shida ba.

Abu ɗaya na auna, na sake aunawa, bai gusa ba: in kin buɗe, ko hancin ya kalli gabas, ni ke zan kalla. In ba ki buɗe ba, gobe ƙarfe huɗu ina kan kujerar nan.

Naki har ƙarshen numfashi,
Mai awonki, wanda ya baro tef a gida