Ruwan Ƙarfen da Aka Sa wa Baba

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga Gwaggona Salima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Kawu Abdulmutallib da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Mu nan kowa lafiya. Inna ta fara cin abinci sosai, Yaya Ilyasu kuma yana kula da gonar zogale a Jiratawa, har ya yi yankan farko. Na zaɓi in rubuta miki ne don wayar Inna ce kaɗai a gidan, kuma da na ɗauka sai kowa ya yi shiru yana saurare, ni kuma bakina ya mutu.

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara, kafin a san Baba ba shi da lafiya, na kai masa abinci gona. Da na durƙusa na ajiye, sai ya yi jifa da kwanon cikin kwalbatin ruwa, ya ce bai san ni ba, ni ba ƴarsa ba ce, in ɓace masa da gani. Babu kowa a wurin sai mu biyu. Lokacin ban daɗe da faɗuwa jarrabawar shiga kwaleji ba, sai na ɗauka abin da ya sa ke nan. Na wanke kwanon, na dawo gida na ce ya ci. Tun daga ranar, in na ji takunsa a zaure sai in shige ɗaki. Ko da ya fara faɗuwa aka kai shi Yamai, a raina ina cewa ciwo daban, ƙin da yake yi mini daban.

Kin san a Yamai an yi zaton ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, amma hoton kansa bai fito sosai ba, saboda ruwan da aka saba sa wa mutum a jijiya kafin hoto, ƙodarsa ba za ta iya ɗauka ba. Ke kika yi ta fafutuka har aka kawo shi wurinku Faransa, kika samo asibitin da ke gwada wancan ruwan mai ƙwayoyin ƙarfe. Amma ba ki ga abin da ya faru a nan ba. Da Yaya Ilyasu ya ɗauke ni a kabu-kabu muka kai wa Kaka labari a Tibiri, sai ta ajiye carbinta ta ce sam. Ta ce tun Baba yana yaro mahaifinku ya sa aka ba shi maganin ƙarfe, ƙarfe ba ya shiga jikinsa, in aka tilasta to ko dai ya narke a banza ko ya yi masa illa. Baba kuwa ba ya cikin hankalin da zai yanke shawara, Inna kuma ba za ta tsallake maganar surukarta ba.

Washegari Kaka ta ja ni muka tafi gidan tsohon da ya ba da maganin, don a warware shi. Ashe ya daɗe da rasuwa, sai ɗansa muka tarar yana gyaran keke a ƙofar gida. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta ko allurar da ake ta yi wa Baba a Yamai ta karan dawa ce. Kaka ta ce masa marar kunya, ubansa ma bai isa ya yi mata haka ba. Amma a hanya na ji tana dariya ita kaɗai. Da yamma na kunna mata saƙonki, inda kika ce ƙwayoyin sun fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu, jini ne ke ɗaukarsu ya kai su inda ƙarin yake su taru, hoto ya nuna iyakarsa. Ta sa na maimaita mata, sannan ta ce a yi da sunan Allah.

Da kika turo hoton da aka ɗauka kwana ɗaya bayan allurar, kowa ya leƙa ya kawar da kai, ni kuwa na kasa. Ga abin nan a gaban kansa, kamar ƙwallon goruba, gefensa a fili. Sai kika faɗi maganar da ba ki san wa kika yi wa ba. Kika ce dokotoro ya ce ƙari a wannan wurin yana canja halin mutum, ya sa shi faɗa, har ya manta nasa. Gwaggo, na shiga bayan ɗaki na yi kuka, kukan daɗi, Allah ya yafe mini. Wanda ya ƙirƙiro wannan ruwan ban san sunansa ba, ban san addininsa ba, amma ina sa shi a addu'a tare da ke.

Na san kin ce aikin cire ƙarin ya yi kyau amma da sauran magani a gaba, kuma ba a san ƙarshe ba. Ranar Juma'a da Baba ya kira, bayan Inna ni ya fara nema. Ya ce ina uwata ta kaina, yadda ya saba kirana, wai me ya sa ban yi masa magana tun da ya tafi ba, ko ya yi mini laifi ne. Na gane bai tuna komai ba. Na ce masa kunya ce kawai, ya yi dariya ya ce halina ne tun ina goye.

Na yanke a raina haka za ta zauna. Ba zan faɗa masa ba har abada, ke ma don Allah kada ki faɗa. Ranar da zai dawo kuma, ni zan fara fita zaure in karɓi jakarsa.

Inna da Kaka da Yaya Ilyasu suna gaishe ku. Ki gaishe mini da Kawu Abdulmutallib da ƙanwata Khaulat. Ki ce wa Baba ya riƙa cin abincinsu ko ba yaji. Allah ya biya ki da Aljanna.

Ƴarki,
Tahira