Ruwan da Na Zubar

Laraba da dare, Minjibir

Tumatirina na ta yin rawaya, ga taki ya gagari talaka bana. Na tsoma na'urar auna tsamin ruwa a ruwan rijiyar marigayi Baba, lambar da take nunawa ta ƙi tsayawa: biyar, tara, shida. Har na ce rijiyar ta lalace.

Da la'asar na kai wa malamin gona na'urar. Ya cire murfinta ya ce, "Ina ruwan ciki?"

"Na zubar, na naɗe ta a tsumma kada ta yi tsatsa."

"Haba Malam Idi, ai a jiƙe ake ajiye ta!"

Na jiƙa ta, sai gobe in sake aunawa. Allah ya yafe mini, kwana uku ina zargin rijiyar da Baba ya haƙa da hannunsa.