Rigar Mama da Ƙafar Anselme

Paris, Janairu 1871

Zuwa ga yayata Honorine,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya a Oran, ke da maigida da yara. Mu nan muna raye. Jamusawa na nan kewaye da gari, sai naman doki da burodi mai dusa, ga sanyi. A balan-balan takardar za ta fita, shi ya sa na matse rubutu.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. An harbi ɗanki Anselme a cinya wajen tsaron ganuwa, amma yana da rai. Abokansa suka kawo shi gidan rawarmu, wanda aka mayar asibiti tun kaka. Ni da nake kula da ɗakin kayan 'yan rawa, yanzu aikina yanka siket ina naɗe bandeji. Da Dakta Vasseur ya duba raunin sai ya ja ni gefe, ya ce idan bai samu yadi mai tsabta yana sauyawa safe da yamma ba, zarto zai ɗauko. Tsofaffin siket sun ƙare. Waɗanda suka rage duk an tsoma su a maganin hana kama wuta, tun da aka kafa dokar nan saboda fitilun gas, kuma kin san yadda maganin yake sandarar da yadi. Mun gwada a kan wani soja, duk da wanki, raunin ya kumbura ya yi ja.

Yadin da na san magani bai taɓa ba ɗaya ne a duniyata, farar rigar Mama. Kin tuna yadda take ba mu labari, cewa kakarmu ta yi rawa cikin riga mai nauyi da ƙarafa a ƙugu da takalmi mai tsini, ita kuwa Mama tana cikin 'yan matan farko da aka sa wa farin yadi shara-shara, ninki a kan ninki, iya ƙwauri, har mutane suka rantse ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Har yau in ta ga gajerun siket na yaran yanzu sai ta taɓe baki ta ce wai lema suka ɗaura. Kuma kin san ta sha faɗa cewa da wannan riga za a binne ta.

Na ɓoye mata zancen Anselme saboda ciwon zuciyarta. Da na je gida da rana na roƙi rigar, na ce don sojoji ne, sai ta zauna a kan akwatin da rigar take ciki ta ce in je in yanka labulen gwamnati, ita ba ta aiki kowa yaƙi ba. Ta ce dama tun ina yarinya ina jin haushin rigar, don ƙafafuna na agwagwa ne, ban iya rawa ba. Ana haka bam ya faɗi a bayan layinmu, kofuna suka zubo daga kantar da ke jikin bango, ita ko motsi ba ta yi ba. Na rasa dabara, na durƙusa na ce mata, Mama, Anselme ne, gobe za a yanke masa ƙafa.

Ta dube ni. Sai ta tambaye ni wace ƙafa. Na ce ta hagu. Ta tashi ta buɗe akwatin, na miƙa hannu zan yage yadin, ta buge mini hannu ta ce ba a yi wa wannan yadi aikin mahauta. Da kanta ta ɗauki almakashi ta bi zare a hankali, muka tafasa shi sitatin ya fita, muka shanya a jikin murhu. Ta hana ni komawa asibitin ni kaɗai. Muka ratsa titi muna raɓewa a jikin bango, tana rungume da ƙunshin a ƙirji, tana haki, ina jin kamar a hanya zan rasa ta. Da muka isa aka ɗaure raunin da yadin, ana sauyawa safe da yamma.

Yau da safe likita ya kwance ɗaurin. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago ya ce ƙafa ta tsira, sai dai zai riƙa ɗingishi, kuma zazzaɓin bai gama sauka ba. Anselme ya buɗe ido ya ce wa Mama, Kaka, ashe ni ne namijin farko a gidanmu da ya sa siket ɗin rawa. Ta ce masa ya rufe baki, ko da ƙafa biyu bai taɓa iya taka rawa ba. Sai ta juya ta fuskanci bango, na ga kafaɗunta na rawa.

Abin da ya rage na rigar ba zai wuce mako ba, kuma Mama ta ƙi komawa gida, a kujera take kwana kusa da shi. Ki kunna kyandir a coci, ki sa mu a addu'a.

Ki gaishe da maigida Célestin, da Odile, da ƙaramin Firmin. Mama na gaishe ku. Anselme ya ce kada ki yi kuka, na ce masa wannan saƙo ba zan iya ba da tabbacinsa ba.

Ƙanwarki,
Léontine