Rawanin da kuka naɗa wa ɗana Buhari

Zuwa ga Babban Malamin makarantar boko da ke karɓar yaran ƙasar Gwandu.

Allah shi gafarta Malam. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da almajiranka. Ni ne Mamman Na-Alu, manomin shinkafa a Dangoma ta ƙasar Kalgo. Ban iya rubutu ba, wani malami na zaunar ya rubuta mini da ajami, na kuma ce a karanta ta a kasuwar Kalgo kafin ta iso gare ka, domin a bainar jama'a aka kunyata ni.

Na farko. Bayan yaƙin Jamus dogarai suka zo neman yaran da za a sa a boko, kowa ya ɓoye nasa a rumbu, ni na kamo hannun Buhari na miƙa. Abin da ya sa, an ce mini ban da boko kuna karantar da tauhidi da fiƙihu da ladabi. Karatuna bai wuce na salla ba, na ce bari gidanmu ma ya sami malami. Da ya kai ajin manya sai kuka naɗa masa farin rawani. A nan garin ba a naɗa rawani sai mutum ya yi zurfi a karatu malamansa sun yarda da shi. Da na gan shi a ƙofar gida har hawaye na yi, ashe kayan makaranta ne, kowane yaro da nasa.

Na biyu. Da daminar nan yana gida hutu ƙanena Umaru ya rasu. Limaminmu ya tafi Kambaza ta'aziyya, gulbi ya cika ya tare shi. Tsofaffi suka yi wa gawar wanka, aka sa likkafani, aka ajiye makara a ƙofar gida. Jama'a suka duba, babu mai rawani sai ɗana, suka tura shi gaba. Ya yi kabbara, ya ɗaga murya ya karanta Fatiha da sura, sannan ya sunkuya ya yi ruku'u. Malam, ruku'u ga gawa! Sahun farko wasu suka bi shi don ganin rawani, wasu suka tsaya ƙiƙam, aka yi ta subhanallahi, can baya wani ya kasa riƙe dariya. Matar mamacin tana bayan danga, ta ji dariyar nan. Dole aka janye shi aka sake salla.

Na uku. Ban dake shi ba, na zaunar da shi na tambaye shi abin da kuke koya musu. Sai ya miƙe tsaye, hannu a cinya, ya zubo mini wajibi da mustahili da ja'izi kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na tambayi ma'ana, ya yi tsuru-tsuru. Darasin ladabi kuwa, ya ce yadda ake miƙewa gaba ɗaya ne in Bature mai duba makaranta ya shigo, da amsoshin da za a ba shi baki ɗaya. Babin jana'iza fa? Ya ce malaminsu ya tsallake shi, wai Bature ba ya tambaya a kansa, kuma wai zancen gawa yana firgita yara. Tir da wannan dalili. Yaron da kuka ɗauka yana ɗan ƙarami, kuka tsare shi a ɗakin kwana bai taɓa bin makara ba, a ina kuke so ya gani?

Yanzu yaran gari Liman Mai-ruku'u suke kiransa. Ya daina zuwa masallaci sai ya ga an watse. Rawanin yana ƙarƙashin tabarmar uwarsa, ita ta ɓoye shi.

Ga roƙona. Ku karɓe rawanin nan daga kan yara har sai sun ci sunansa, hula ta ishe su. Ku mai da babin da aka tsallake, kuma in an yi mutuwa kusa da ku a fita da manyan yara su tsaya a sahu su gani. In ba za ku iya ba, ku sako mini ɗana kafin kaka, in kai shi Gwandu ya durƙusa gaban malaman zaure. Ba takarda nake nema ba, ba aikin En'e ba. Na tsufa, tarin da ya ɗauke Umaru ni ma ya fara taɓa ni, kuma ɗa namiji ɗaya gare ni. In aka ajiye ni a ƙofar gidan nan, shi nake so ya tsaya a kaina, ba tare da kowa ya toshe baki don dariya ba.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon gyarawa. Ran da taka ta zo, Allah shi sa wanda zai tsaya a kanka ya san ba a ruku'u.

Wassalam.
Mamman Na-Alu, Dangoma.